Reino, Ruwan Nasu Ne, Ƙasan Nawa

Ranar Talata, huɗu ga Maris, Allah ya karɓi ran ƙanena Reino Koskela. A bakin wani mai sayar da fatsa na ji labarin, ni Aili da na goya ka bayan rasuwar mahaifiyarmu. Har mutuwarka, Reino, sai da mutanen gari suka riga ni ji.

Haka ka saba mini. Rafin da ya ratsa gonar da Baba ya bar mini, a cikinsa na koya maka iyo, mu biyu kaɗai. Da na kewaye shi da waya, kai ka fara zuwa.

"Yaya, ruwa kuma ake sa wa ƙofa?"

"Nawa ne. Mai son kifi ya tafi kanti."

Ka yi dariya, ka ci burodina, sannan ka kai ni kotu. Dokar jiharmu ta Michigan ta ce rafin da zai iya ɗaukar gungumen itace hanyar kowa ce. Sai ka sare itace, ka jefa a rafin, ka bi shi da ƙafa cikin ruwan ƙanƙara har gada. Alƙali ya ce kowa ya shiga ya kama kifinsa, amma ƙasan rafin nawa ne. Ranar da ka fito daga ruwan kana rawar ɗari, ni na dafa maka shayi, mutanen gari kuwa suka yi maka tafi.

Daga nan ka zama na kowa. Ka koya wa 'ya'yan mutane jefa fatsa, ka gyara wa tsofaffi rufin ɗaki, nawa yana yoyo. Mutumin kirki ne kai, ban musa ba. Amma ina kishi, Reino, yau ma da na ga coci ya cika da masu kukan da ba su taɓa wanke maka ciwo ba.

Matarka Darlene ta ce ka bar wasiyya a ƙona gawarka a zuba tokarka a rafin, don ka kasance tare da jama'a. An zuba. Na tsaya a gaɓa ina kallo: ruwa ya tafi da ƙurar, sauran ya nutse ya kwanta a kan tsakuwa.

Allah ya jiƙan ka, ya ba ka hutu. Darlene da yaranku, Allah ya ba ku haƙuri. Jama'a su riƙe ruwansu. Alƙali da kansa ya ce ƙasan nawa ne, kuma can ka kwanta. Ka dawo wurin Yaya.