Ankon da Ban Sa Ba

Daminar bara na buɗe armuwar ɗina, wato kabad ɗin tufafina, warin funfuna ya tarye ni. Danshin Kotonu ba ya raga wa kaya. Na zazzage komai a kan gado, na ce yau duk rigar da ta shekara biyu ba ta ga jikina ba sai ta bar gidan nan.

Ni ba mai jimamin tufafi ba ce. Leshin da ya matse ni tun haihuwar autana, atamfofin da tela ya ɓata, mayafan da na saya don kawai maƙwabciya ta saya, duk na tara su gefe ko gezau ban yi ba. Mijina ya leƙo ya tambaya ko shago zan buɗe a Gbégamey. Na ce ya matsa, kada shi ma in haɗa da shi.

A can ƙasa na tarar da ankon bikin 'yar yayata, kore mai zanen ganye, ko ruwa bai taɓa gani ba. Yarinyar 'yar fari ce, kuma a al'adarmu uwa tana kunyar 'yar fari, ƙanwar uwa ce ke tsayawa a matsayin uwar amarya. Ni na goya yarinyar nan. Amma da biki ya zo, Yaya ta ɗauki matsayin ta ba wata ƙawarta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ƙi zuwa. Shekara shida ke nan, tana Godomey ina Zongo, gaisuwa sai a gidan rasuwa.

Na juya ankon sau biyu, na cusa a ƙullin kayan da zan ba mai kitsona. Na gaji da ganinsa. Abin da na manta shi ne, matar nan ita ke yi wa Yaya kitso, kuma anko ba ya ɓuya. Duk matar da ta je biki tana gane zanen ko bayan shekara goma.

Bayan mako biyu, da hantsi, na ji zem, wato ɗan acaɓa, ya tsaya a ƙofa, sai ga sallamar Yaya. Ta rame, ta fara dogara sanda, ni kuwa ban sani ba. Wannan ya sosa mini rai fiye da yadda na zata. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta ce mai kitso ta je gidanta sanye da ankon bikin nan, da ta matsa mata da tambaya ta faɗi inda ta samo.

Na gyara zama ina jiran faɗa, don na shirya amsa tun shekara shida.

Sai ta ce, "Ashe kin ɗinka."

Na ce na ɗinka, har na goge shi da safiyar ranar, na shimfiɗa a gado, na zauna ina jiran ta aiko a kira ni.

Yaya ta ajiye kofin da ke hannunta.

Ta ce, "Ni kuma kwanon abincinki na rufe na ajiye a ɗakina. Na hana kowa taɓawa har aka kai amarya."