Injiniya Ɗanlami da Tagar Cocin Ƙauye

Ku da kuka zauna da Injiniya Ɗanlami a unguwar Longsight ta Manchester kun san ba a tambayarsa ƙarfe nawa. Wanda ya tambaya shi ya jawo wa kansa. Duk shekara in Turawa suka tura agogo gaba saboda summer, nasa yana nan inda yake. Ka ce masa, "Injiniya, agogonka ya makara," sai ya nuna sama da yatsa ya ce, "A tambayi rana! Ita an sanar da ita cewa ta canza?" Haka ya yi ta rasa ganin GP, wato likitansa, har matar reception ta gaji, ta koma faɗa masa lokaci iri biyu: na gwamnati da nasa.

Ni Garba, tasi nake ja a Birmingham, ina zaune a Balsall Heath. Karatuna bai yi nisa ba. Unguwarmu ɗaya da shi a Zariya, ya girme ni nesa, shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Garbati, ko a gaban surukaina.

Bayan ya yi ritaya sai ya tare a library. Hajiya Talatu, matarsa, ta ce ɗumin hita ne ya kai shi, shi ya ce ilimi ne. A can ya ci karo da labarin wani tsohon coci a wani ƙauye bayan Birmingham, ginin dutse na shekaru ɗaruruwa. Rannan sai ga wayarsa.

"Garbati, ka wanke mota. A watan Yuni, ranar da ta fi kowace rana tsawo, za ka kai ni coci."

Na ce, "Innalillahi! Yaya, lafiya?"

"Lafiya lau. Saurara. Can sama a bangon kudu akwai wata 'yar taga. A ƙasa, tsakiyar ɗakin, an sassaƙa fure a jikin dutse. Duk tsawon shekara haske yana shiga ta tagar ya wuce furen, ya tafi wajen bangon arewa. Amma a wannan rana, da rana ta yi tsaka, sai ya sauka a kan furen cif. Maginan nan ba su da inji, ba su da kwamfuta, igiya ce da sanda."

"To mu ina ruwanmu?"

"Babanmu magini ne. A rufin zaurenmu ya bar wata 'yar kafa. In haske ya taɓa bakin randa, azahar ta yi, ko da ladan ya yi barci. Ina so in ga ko na Turawa ya kamo shi."

A shekarun nan ne council, wato ƙaramar hukuma, ke ta yanke kuɗin ayyuka, an soke bas ɗin da ke shiga ƙauyen. Ba hanya sai tasina. Haka na zama direban coci ba tare da na nemi aikin ba.

Zuwanmu na farko, muna isa bakin ƙofa Injiniya ya sunkuya ya cire takalmi. Wata tsohuwa ce ke riƙe da makullin wurin, sunanta Misis Pat. Ta ce masa a'a, ba sai ya cire ba. Ya ce mata da Turancinsa na manya, shi ba ya shiga ɗakin ibadar mutane da takalmi. Ya harare ni, ni ma na cire. Ashe rufin yana yoyo, babu kuɗin gyara, an jera bokitai kamar ana jiran famfo. Taku biyu ya yi ya taka ruwa da safa. Ya tafi caɓal-caɓal har gaban furen, ya harɗe hannu, ya ɗaga kai. Muka jira. Gajimare ya rufe sama ruf kamar murfin tukunya.

A hanyar dawowa na ce, "Yaya, ka ga abin da ka zo gani?"

Ya ce, "Na ga rufinsu. Babanmu yana gaba da ci ɗaya."

Shekara ta zagayo muka koma, ruwan sama. Wadda ta biyo, hazo. Misis Pat ta saba da mu, shi kuma ya raɗa mata Hajiya Mai Makulli, har ta koyi amsawa. Tausayinsa ya kama ta, ta ce masa ai ba lallai sai ranar ba, kwanakin da ke gefenta ma hasken yana sauka kusan a kan furen. In ya ga gari ya washe gobe ko jibi, ya bugo ta buɗe masa.

Na ce, "Alhamdulillahi, magana ta ƙare. Yaya, ka kwana wurina, an ce gobe akwai rana."

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Kusan? Garbati, ka taɓa buɗa-baki kusan magariba?"

Washegari rana ta fito tar, har yara na wasa da ruwa a titi. Shi yana cikin coach, doguwar bas, ya nufi gida Manchester.

Ba a daɗe ba magana ta zaga. Kun san mutanenmu. Wata Juma'a bayan an idar da salla, a gefen Stockport Road, Dokta Mansur, wani likita cikin mutanenmu, ya ja shi gefe a gaban jama'a, wato irin jan gefen da ake so kowa ya ji.

"Injiniya, an ce duk shekara kana zuwa coci. Har da cire takalmi."

"Ƙwarai."

"To ai mutane suna magana."

"Dokta, rana ta wa ce?"

"Ta Allah ce mana."

"To bayin Allah ne suka huda bango don su ga aikinta, ni kuma na je kallo. Sallata tana nan, alƙiblata tana nan. Kai da kake yini a asibiti, ka zama majinyaci ne?"

Aka bushe da dariya. Wani ɗalibi ya ce, "Baba, to ka ga hasken?" Injiniya ya gyara hula ya ce, "Yaro, a jami'ar taku ba a koya muku gaisuwa kafin tambaya?" Da haka ya kauce wa tambayar.

Sai azumi ya faɗo cikin Yuni. Ku tuna azumin nan da mutum zai yi la'asar, ya yi barci, ya tashi, ya sake barci, rana na nan tsaye tana kallonsa. A shekarar ne yanar ido ta kama Injiniya sosai. An sa shi a layin masu jiran aikin ido, layin kuma ba ya motsi. Yana ganin mutum kamar inuwa, sai ka yi magana ya gane ka. Hajiya Talatu ta bugo mini da kanta.

"Garba, ka hana yayanka. Ga azumi, ga ido. Me zai gani?"

Na ji muryarsa daga bayanta: "Ki ce masa ya wanke mota!"

Muka tafi. Can ya ce, "Hajiya Mai Makulli ta ce za a rufe wurin a ƙarshen shekara, rufin ya fi ƙarfinsu. In ba yau ba, shi ke nan." Ni kuwa ina hango gajimare ta gilashi.

Misis Pat ta tarye mu da shayi da biskit. Ya ce mata muna azumi. Ta dafe ƙirji ta ce, ko ruwa? Ya ce ko ruwa. Sannan ya lalubi farantin, ya juye biskit ɗin gaba ɗaya a aljihun riga, ya ce mini da Hausa, "Ba a mayar da kyautar tsohuwa. Magariba tana zuwa."

Na riƙe hannunsa har gaban furen. Muka tsaya, ɗakin duhu-duhu, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa cikin bokiti. Ni har na fara tunanin go-slow ɗin komawa. Kawai sai Misis Pat ta yi ƙara. Na ɗaga kai. Wallahi, jama'a, wani siririn haske ne ya ratso daga tagar nan, miƙe kamar an ja zare, ƙura na yawo a cikinsa. Ya sauka a ƙasa gefen furen, yana rarrafe a hankali.

"Garbati, me ya faru? Me ya sa take ihu?"

"Yaya, ta fito! Rana ta fito!"

"Ina hasken yake? Kada ka yi mini ƙarya, kana azumi."

"Yana gefe, yana matsowa. Ya taɓa ganyen farko."

Ya ƙura ido, ya goge tabarau, ya sake ƙurawa. Ya ce, "Ba na ganin komai sai fari-fari." Muryarsa ta canza. Sai ya ce, "Durƙusar da ni."

Na durƙusar da shi, gwiwoyinsa na ƙara. Ya lalubi dutsen, ya shimfiɗa tafin hannunsa a tsakiyar furen. Dutsen sanyi ƙalau. Muka zuba ido ni da tsohuwa. Hasken ya hau ɗan yatsansa, ya haura, ya zo ya zauna a bayan hannunsa daidai, bai yi dama ba bai yi hagu ba.

Ya ce a hankali, "Na ji ɗumi. Garbati, na ji shi. Allahu Akbar. Tsarki ya tabbata ga wanda bai taɓa bari ta makara ba."

Misis Pat na share hawaye da gefen rigar sanyinta. Ni ma dai wani abu ya shigar mini ido. Bai ɗaga hannun ba sai da hasken ya sauka ta ɗaya gefen. Na ɗago shi, ya kakkaɓe wando, ya yi gyaran murya.

Na ce, "To Yaya, yaya ka ga maginan Turawa?"

Ya ɗan yi tunani. "Sun iya. A gaishe su." Ya juya wajen ƙofa, sannan ya ƙara da cewa, "Amma sau ɗaya a shekara? Na babanmu kullum yake aiki."

Kafin sanyi ya shigo Allah ya karɓi abinsa, layin asibiti bai iso kansa ba. Mun kai shi makwancinsa a Manchester ana yayyafi.

Ya Allah, bawanka Ɗanlami ya ƙaunaci ayoyinka, ya bi su har inda mutane suka yi masa dariya. Ka gafarta masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka haskaka kabarinsa da hasken da gajimare ba ya tarewa. Ka ba Hajiya Talatu haƙuri. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani. Amin.