Ƙyauren Ɗakina a Bakin Rijiya

A unguwarmu can Tsafe akwai tsohuwar rijiya baki buɗe, daidai hanyar da jikokina ke bi zuwa makaranta. Sau uku ina takawa har sakatariyar ƙaramar hukuma. Duk zuwa sai in iske sabuwar fuska a kujerar duba-gari, wai wancan an canza masa wurin aiki, in sake ɗauko zancen daga tushe. Na ukun ya ce, "Inna, ki kawo a rubuce."

Na ce, "Ɗana, da bakin nan na aurar da ɗiya tara. Rijiya guda ce sai da takarda?"

Na dawo na sa aka ɓalle ƙyauren ɗakina aka rufe ta, aka danne da duwatsu. Damina biyu ke nan asabari ne a ƙofata.