Hasken Ɗakin Inna

Jama'a, ku ji abin da na gani yau.

Inna, mahaifiyata, ta daɗe tana ƙorafin ɗakinta ya yi duhu, ko tsintar shinkafa ba ta iya yi a ciki. Taga ba ta yiwuwa, bangon maƙwabci ya tare. Da na sayar da tumatirin rani, sai na shiga Kano na sayo kwanon rufi na roba, mai shigo da haske. Tsada kamar me!

Da hantsi kafintan da na ɗauko ya cire tsohon kwano ɗaya ya kafa na robar a gurbinsa, ya liƙe gefen da kwalta saboda yoyo. Haske tar! Har yanar gizo ana gani.

Na kira Inna. Ta shigo tana dafa bango, ta zauna daidai inda hasken ya sauka.

Na ce, "Inna, yaya kika gani?"

Ta ɗaga kai. Rana na dukan fuskarta, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ta ce, "Sani, ka ce masa ya yi sauri ya buɗe mana. Duhun nan ya ishe ni."

Kafinta ya sunkuyar da kai. Ni dai ina tsaye, gudumarsa a hannuna.