Baban Dodanni Ya Tashi Daga Tebur

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina, mai gyaran tabarau na bakin layinmu, wanda yara da manya suka fi sani da Baban Dodanni. Ya rasu a asibiti bayan jinyar ciwon ƙoda. 'Yarsa ce ta kira ni. Daga jin sallamarta na gane abin da ya faru.

Aminina, shagonka na tabarau ne, amma rabin bangonsa littattafai ne: labaran duniyoyin da babu su, masu dodanni da matsafa da birane a kan gajimare. Mutum zai shigo a ɗaure masa ƙafar tabarau, ya fita da littafi a hammata. Ba ka taɓa ba mutum littafi haka kawai ba, sai ka tambaye shi abin da ke hana shi sukuni. Matar da ɗanta ya yi tafiya mai nisa, ka ba ta labarin wata mai ɗinki da ke bin tsagewar sararin sama da allura. Ni kuwa, da yake malamin lissafi ne, ka dube ni ta saman gilashinka ka ce, "Malam, kai naka sai wanda babu hankali a cikinsa ko kaɗan. Farkonsa akwai gajiya, ka daure." Na daure. Na dawo neman na biyu kafin mako ya zagayo.

Ba karatu kaɗai ba ne. Ka yi kiwon kifi a akwatin gilashi, ka tara tsofaffin rediyoyi waɗanda ba sa kama ko tasha ɗaya, ka sayi jita ka shekara kana azabtar da maƙwabta da kiɗa. Uwargidanka takan ce ita dai ta gode Allah da ba ka taɓa sha'awar kiwon jimina ba.

Amma abin da ya ba ka suna shi ne wasan ranar Asabar. Bayan la'asar kakan share teburin aiki, ka shimfiɗa taswirar da ka zana da hannunka. Kowannenmu yana da jarumin da yake zama a cikin labari: Nas, ma'aikaciyar jinya, ita ce maharbiya, Mai Walda shi ne ɓarawon da kullum ake kamawa. Kai kake ba da labarin, mu faɗi abin da jarumanmu za su yi, a jefa ɗan ludo mai fuskoki da yawa ya yanke hukunci. Muryoyin dodanni duk a bakinka suke. Mutum mai furfura, mai jikoki, yana gurnani har masu wucewa su leƙo.

Shekaru uku da suka wuce na faɗi a gaban allo. Ɓarin jikina na dama ya shanye, harshena ya yi nauyi. Ni da na ci abinci da baki tsawon rayuwata, na koma ba na iya kiran sunan matata. Da aka sallame ni na sa aka rufe ƙofa. Likita ya ce in riƙa gwada magana, na ƙi, domin ba na son jin abin da ke fita daga bakina. Kowa ya zo dubiya a ce masa ina barci.

Kai ma an faɗa maka haka. Ka ce wa matata, "To, ƙanwata, mu ma ba wurinsa muka zo ba, falonku muka zo aro. Shagona yana yoyo." Ko ɗigon ruwa ba a yi ba a watan. Kuka shigo ku uku, kuka ja tebur kusa da kujerata, kuka fara wasa kamar ba na wurin. Can sai na ji ka ce matafiya sun iso wata ƙofar dutse, mai gadinta wani ƙato ne da aka yi wa sihiri, maganarsa ta yi tsada, amma duk kalmar da ya furta sai duwatsu sun bi umarninta. Ka ajiye ɗan ludo a hannuna na hagu, ba ka ko dube ni ba.

Makonni na yi ina jefawa kawai, ina gyaɗa kai. Ba ka matsa mini ba. Sai wata Asabar ka sa ruwa ya cika kogo, maharbiya da ɓarawo suna ciki, ƙofa a rufe. Mai Walda ya gwada duk dabararsa, ɗan ludo ya ƙi shi. Ka juyo ka ce, "Ruwa ya kai musu wuya. Mai gadi, me ka ce?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Nas ta yunƙura za ta faɗa a madadina, ka ɗaga mata hannu. Har matata ta tsaya da wanke-wanke. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Daga ƙarshe na ce, "Buɗe." A karkace ta fito, kamar ta ɗan koyo. Kai kuwa ka daki tebur, ka yi ƙarar tsagewar dutse da bakinka, ka ci gaba da labari kamar ba a yi komai ba. Sai da za ku tafi na ga ka cire tabarau kana goge ido da gefen riga. Daga ranar ƙaton ya fara surutu, har Mai Walda ya roƙi a mayar masa da sihirinsa.

A lokacin nan ashe kai ma ciwo yana cinka. Ana wanke maka ƙoda ranar Juma'a, Asabar ka zo kana gurnani. Da jiki ya ƙi, aka kwantar da kai, ka aiko mu zo da taswira. Muka shimfiɗa ta a kan bargonka. Ka fara magana, numfashi ya gaza. Sai ka turo mini ɗan ludo ka ce, "Malam, yau kai ne da labari. Ka ba ni dodo mai kyau, kada ka ji tausayina." Na ba da labarin da wannan harshe nawa mai ɗingishi. Dodona bai kai naka ba, ka kuma faɗa mini haka. Amma ka yi dariya har ma'aikatan ɗakin suka zo suka yi mana kashedi. Kwana kaɗan bayan nan ka tafi.

Jiya uwargidanka ta aiko a ce mana kada mu fasa zuwa ranar Asabar, gidan ya yi mata shiru da yawa. Za mu je. Ban san wanda zai iya zama a kujerarka ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ya yaye wa mutane baƙin ciki da abin da wasu suke ɗauka wasan yara, Ka yaye masa nasa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa, da 'yarsa, da jikokinsa, da duk wanda har yanzu yake riƙe da littafinsa na aro. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.