Mzee Bwanaheri, Mai Waldar Farko

Kullum da safe dattijonmu Mzee Bwanaheri yakan tsallako a jirgin fito na Likoni, ya sha baƙin kofinsa a tsaye, ya riga kowa shiga ma'aikatarmu ta ƙera jiragen ruwa. Ni Tsuma, tare muka fara walda da shi, yau ga shi zai ajiye aiki, kuma har gobe ina kishinsa.

Duk sanda za a aza ƙashin bayan sabon jirgin masu tsaron gaɓar teku, ana yin biki. A sa tsabar shilin a ƙarƙashin ƙarfen don neman sa'a, matar da aka zaɓa uwar jirgi ta rubuta harufan sunanta da alli, mai walda ya bi rubutun da wuta. Wa ake kira? Bwanaheri. Mu da za mu shekara a cikin cikin jirgin muna shan hayaƙi, sai tafi daga baya.

A bikin bana shugaban sashenmu ya ce nawa ne. Har sabuwar rigar aiki na saya. Ana gobe biki aka ce tunda na ƙarshensa ne, a bar masa. Na same shi na ce, "Mzee, ko aljanna aka raba, kai za a fara kira." Ya yi dariya ya ce in zo in riƙe masa wayar walda.

Uwar jirgin ita ce Bi Mwanakombo daga Shimoni, wadda teku ta cinye mijinta masunci babu jirgin da ya kai masa agaji. Da aka miƙa mata alli sai allin ya karye a hannunta. Masu hoto suka matso. Bwanaheri ya juya musu baya ya kare ta, ya ce a hankali, "Mama, kar ki yi sauri, jirgin nan ba inda za shi sai kin gama." Ta rubuta, amma harufan sunan mijinta ta sa maimakon nata, a karkace. Da ni ne, da na miƙar da su, don hannuna ya fi nasa daidai, kowa ya sani. Shi ya bi su yadda suke. Da ƙarfen ya huce ta shafa, ta daɗe ba ta ɗauke hannunta ba.

Kai ne ka ga matar, Bwanaheri, ni ƙarfen nake kallo. Wannan ya fi rasa bikin ci mini rai.

Mun gode, gwanin wuta. Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku masu tasowa, ku koyi halinsa tun yana da ƙarfin zuwa ya gaishe mu. Walda kam, ku zo wurina.