Kurkunun Maƙwabcina

Malam Edita, ni ba gwanin rubutu ba ne. Shekara uku kawai na yi a makarantar mishan ta kudancin Zazzau aka sallame ni don taurin kai, saboda haka ka gyara abin da ya karkace. Lokacin da abin nan ya faru ina da sabon aure, ina masinja a ofishin wani Bature a Sakkwato, Turawa ba su daɗe da zama ba. Mun kama ɗaki kusa da Ƙofar Atiku, kuma duk unguwar ni da matata ne kaɗai masu bin Almasihu. Ina ji da kaina ƙwarai. Kowace safiya sai in roƙi Ubangiji ya ba ni babban gwaji, a jefe ni ko a ɗaure ni, in nuna ƙauna irin ta manzanni. Ba wanda ya jefe ni. Gaishe ni ma suke yi, abin har haushi yake ba ni.

Maƙwabcinmu wani tsohon majemi ne mai sana'ar jar fata. In zan wuce ƙofarsa sai in toshe hanci, yana kallona. Da Babbar Salla ya kawo mini cinyar rago da hannunsa, ni kuwa na ce ba na cin naman layya, na mayar masa a gaban mutane. Ya ɗauki akushinsa ya juya. Na shiga gida ina murna wai na tsaya wa bangaskiya. Matata ta ce tsoho kawai na kunyata, kuma ita ba ta ji inda Linjila ta ce a yi haka ba. Na ce mata ni na yi makaranta, ba ita ba.

Da damina ta faɗi sai na daina ganinsa a zaure. Sati biyu ban tambaya ba. Matata ce ta gaya mini kurkunu ya fito masa a idon sawu, yana kwance, 'ya'yansa sun tafi fatauci, matarsa kuma ba ta gani sosai. Wanda ya san kurkunu ya san sai an riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan kullum. In ya tsinke a ciki ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce, ga shi hannun tsoho rawa yake yi. Ta ce tunda kullum ina damun Allah da neman babban aiki, to ga ƙarami nan bayan katanga, in na iya.

Don kunyarta na tafi, ba don kirki ba. Na yi sallama, ya dube ni ya tambaya ko Bature ne ya aiko wa kurkunun da sammaci. Na ce a'a baba, naɗi na zo yi. Na tsuguna, na jiƙa ƙafar, na kama tsinken. Warin jima ya cika ɗakin, hannuwana biyu suna aiki, babu na toshe hanci. Ya lura, ya yi ta dariya har sai da na roƙe shi ya tsaya kada ya tsinka mana abin. A kwana na uku na ba shi haƙuri kan naman. Ya ce ai nama ya yi daɗi, ni na yi asara, in ja a hankali.

Haka muka yi kwana ashirin da wani abu, kowace safiya kafin ofis. Yana kirana ɗan Nasara, ina kiransa baba. Har juya fatu a ruwan bagaruwa ya koya mini, don kada su ruɓe yana kwance. Ran nan na makara, na yi gaggawa na ja da ƙarfi, kurkunun ya miƙe kamar zare zai tsinke. Tsoho ya riƙe wuyan hannuna ya ce in saki, Bature zai iya jira, shi kuwa ƙafar hagunsa ɗaya ce. Na saki, muka zauna har ya lafa. Na sha faɗa a ofis ranar, kuma ban taɓa shan faɗa mai daɗinsa ba. Bayan kwana huɗu kurkunun ya fito duka, ya kusa kamu biyu. Matarsa ta rangaɗa guɗa, tawa ta amsa ta kan katanga. Tsoho ya miƙe ya taka har ƙofar gida, yana tare masu wucewa yana gaya musu ɗan Nasaran nan kansa dutse ne, amma hannunsa da albarka.

Yanzu furfura ta fito mini, kuma ba zan ɓoye ba, har yau ni mutum ne mai ɗacin rai. Masinja na shiga, masinja na fita. Masu dogon wa'azi a majami'a suna gundurata, don na san irinsu, ni ne su a da. Amma in na tuna safiyoyin nan sai in sami kaina ina dariya ni kaɗai. Abin da ke cina shi ne sati biyun da na yi ban tambaya ba, da sauran mutanen da na wuce ban ko dube su ba. 'Yan'uwana, kada ku zauna jiran ranar da za a tsananta muku don Almasihu, wataƙila ba za ta zo ba. In kun kwana biyu ba ku ga maƙwabci a ƙofarsa ba, ku yi sallama ku shiga.